Kwanon Inna Mai Jan Fenti

Shekara ashirin da biyu mahaifiyata ta yi tana dafa wa ma'aikatan masaƙa abincin rana. Mu a gida Inna muke ce mata, su kuwa can Mai Ludayi suke kiranta, don ba a ganinta babu shi a hannu. Ko faɗa take yi, da shi take nuna mutum. Tukwane huɗu ne a ƙarƙashinta, kowacce sai mutum biyu sun kama kafin ta sauka daga kan wuta, kuma dokar kicin ɗin ita ce ba a kai tukunya gaban ma'aikata sai Inna ta ɗanɗana. Takan ɗiga miya a tafin hannunta, ta lasa, ta ɗan lumshe ido. In ta ce "gishiri", a ruga a kawo gishiri. In ta wuce ba ta ce komai ba, to an tsira ranar.

Ba mace ce mai sauƙi ba, ba zan yi mata ƙarya don ta haife ni ba. Ba ta iya rarrashi ba, ba ta iya yabo ba. Duk abin da wasu iyaye ke faɗa da baki, ita a kwano take zuba shi. In ta yi miki tsawa da safe, da rana za ki tarar da tsoka mafi girma a ƙasan abincinki, kuma kada ki kuskura ki yi godiya, sai ta ce kuskuren ludayi ne.

Wata shekara masu masaƙar suka daina sayen nama, suka kawo wani abu a buhuna, gutsi-gutsi, busasshe, ruwan ƙasa. Naman waken soya, in ji su. Ana jiƙa shi a ruwan zafi, a matse da hannu, a watsa a miya. Inna ta yi tsaki ta ce soso ne aka yanka, amma aiki aiki ne. Kullum ita ke matsewa, ita ke ɗanɗanawa.

Ba a yi wata biyu ba hannuwanta suka yi jawur. Ƙuraje suka feso tsakanin yatsu, suka hau har gwiwar hannu. Leɓenta yakan kumbura da rana, zuwa yamma ya saɓe. Tana juya miya tana sosa wuya da kafaɗa. Ma'aikata suna bin layi da farantansu suna kallon hannun da ke zuba musu, har wani ya janye nasa ya ce ya ƙoshi. Shugabar kicin, wadda Inna ce ta koya mata yanka albasa, ta kira ta gefe ta ce ta je gida ta huta har fatar ta warke, don abinci ba a wasa da shi. Da Inna ta juya za ta tafi, ta ji shugabar tana ce wa masu wanke-wanke su tafasa ludayin.

A lokacin ni da 'yata muke zaune tare da ita, ina ɗinki a ɗakin gaba. Yarinyar shekararta biyu, Inna ta laƙaba mata Gajeriya, kuma ba ta cin komai sai daga hannun kakarta. Ni kuwa tsoro ya kama ni. Na dubi fatar Inna, na dubi fatar 'yata, na je wurin mai kemis na bakin titinmu.

Mutumin nan ba abin da bai sani ba, a bakinsa. Ko ganin Inna bai yi ba ya ce irin wannan yana yaɗuwa, a ware mata kwano da kofi da tawul. Sannan ya sauke murya kamar mai ba da sirri ya ce nama da kifi da ƙwai su ke tayar da ƙaiƙayi, a yanke mata su gaba ɗaya. Na ce to me zai riƙe mata jiki? Ya ce madarar waken soya, kofi guda kowace safiya, babu abin da ya kai ta gina jiki. Na yi masa godiya har da rusunawa. Har gobe in na tuna rusunawar nan sai in ji kamar in mari kaina.

Na dawo gida na ɗauki kwano ɗaya da kofi ɗaya da cokali ɗaya, na ɗiga musu jan fenti a gindi don kada su cakuɗe da namu. Na karɓe girki daga hannunta. Na zaunar da Gajeriya na koya mata, kamar yadda ake koya wa yaro kada ya taɓa wuta, cewa ba a cin abin da Kaka ta taɓa. Inna tana zaune a bakin ƙofa tana jin mu. 

Madarar kuwa ban taɓa fashi ba. In jiƙa waken, in kai niƙa, in tace da ƙyalle mai tsabta, in tafasa, in tsaya a kanta sai ta shanye. Ina jin kaina 'yar kirki, har ina ba maƙwabta labari.

"Abin nan yana ƙona mini baki," in ji ta wata safiya. "Maƙogwarona ma kamar an cusa auduga."

"Haba Inna, ke da kike ɗura mana magani muna kuka? Shanye mana."

"Ni dai na faɗa miki."

"Na ji. Saura kaɗan, ɗaga kofin."

Shekara uku muka yi a haka. Ƙurajen hannu suka ragu tunda ta daina matsar abin masaƙa, sai na ce ga shi nan, maganin yana aiki. Borin jini kuwa kullum sai ya taso mata bayan karyawa, sai na ce ciwon ne yake fitowa. Duk abin da jikinta ya yi, ina da fassararsa. Matar da ke ciyar da mutum ɗari uku ta koma zaman tsakar gida tana kallona ina ɓata miya. Wani lokaci in ta ji ƙamshi takan ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Wutar ta yi yawa." Iyakarta ke nan. Ta rame, zanenta ya riƙa zagaye ta har ya yi saura.

Ranar da abin ya fashe, madarar ta yi kauri fiye da kullum, don waken ya yi mini yawa na ƙi zubarwa. Ta sha rabi ta ajiye kofin, ta kama wuyanta. Numfashinta ya koma wani siririn fito. Maƙwabcinmu direba ne ya kwashe mu zuwa asibiti, ni ko takalmi babu. Aka yi mata allura, aka sa mata abin numfashi, da ƙyar ta dawo.

Likitar yarinya ce, ba za ta girme ni ba. Ta tambaye ni me Inna ta ci. Na zayyano mata tsarina da alfahari: ba nama, ba kifi, ba ƙwai, madarar waken soya kowace safiya. Ta daina rubutu ta ɗago.

"Tun yaushe?"

"Shekara uku ke nan, likita. Ban taɓa fashi ba."

"Kafin nan wane aiki Mama take yi?"

Inna ce ta amsa da muryar da ta rage mata, ta ba ta labarin buhunan. Likitar ta ce akwai gwajin jini da ke nuna abincin da jikin mutum ba ya jituwa da shi, har na tsirrai irin su wake da gyaɗa da riɗi da alkama. Ta ce kafin sakamako ya fito kada ko ƙwayar waken soya ta sake shiga bakinta. A ɗakin gwaji wata mata ta ɗaure wa Inna damtse, ta laluba jijiya, ta zuƙi jini cikin 'yar kwalba. Da hannunta ta riƙe hannun Inna tana shafawa don jijiyar ta fito. Na ga Inna ta ƙura wa wurin ido, sai a nan na tuna rabon da in riƙe hannun nan.

Bayan kwana goma muka koma. Takarda ce falle guda, sunayen abinci a jere, kowanne da lamba a gabansa. Duk ƙanana ne, ban da layin waken soya, wanda likitar ta zagaye da biro. Ta ce takardar kaɗai ba ta yanke hukunci, amma ga fatar nan ta fara washewa tun da aka daina madarar, me ya rage? Inna ba ta damu da lambobin ba. Tambaya ɗaya ta yi.

"'Yar nan, ana ɗauka?"

"Ba a ɗauka, Mama. Ko kwano ɗaya kuke ci, ko gado ɗaya kuke kwana."

"Tun farko ma?"

"Tun farko."

Ba ta dube ni ba. Da ta zage ni a gaban likitar da ya fi mini sauƙi.

Wata guda bayan nan hannuwanta suka koma sumul. Ta sa aka lulluɓe takardar da leda, ta yi wanka, ta tafi masaƙa. Ba aiki ta je nema ba, ta san an daɗe da cike gurbinta. So take su gani. Shugabar kicin ta karanta, ta ce Allah sarki, ashe haka ne, sannan ta miƙo mata takardar da bakin yatsu biyu. Mai kemis kuwa da na je na zazzage masa abin da ke cikina, cewa ya yi ai jiki da jiki ya bambanta, ya juya ya sallami na bayana.

Duk wannan Inna ta shanye. Gida take hari. Ranar hutu ta ce in tashi daga gaban murhu. Ta aike ni na sayo nama, ta yanka albasa ba ta ko kallon wuƙar, ta ɗiga miya a tafin hannu ta lasa ta lumshe ido. Ƙamshin da na manta ya cika gidan har maƙwabta suna leƙowa. Ta zuba a babban faranti, ta zauna a tabarma, ta tsinko tsoka mai laushi, ta hura ta.

"Gajeriya, zo ki karɓa."

Yarinyar, mai shekara biyar yanzu, ta tsaya daga nesa ta mai da hannuwa baya.

"Je ki mana," na ce. "Kaka ta warke. Da ma ba komai ba ne."

Ta matso taku biyu, ta dubi yatsun da ke riƙe da naman, ta datse baki. Na daka mata tsawa, ta fashe da kuka.

"Ke kika ce in na ci zan yi ƙuraje! Ke kika ce!"

"Ƙyale ta," in ji Inna. "Yarinya ce mai jin magana. An koya mata ta iya."

Hannun nata ya daɗe a miƙe kafin ta sauke shi. Ta tashi ta shiga kicin, na ji tana motsa kwanuka. Tun ranar da muka dawo da takardar na tura kwanon nan mai jan fenti can bayan kwando, ina jiran in samu ƙarfin jefar da shi. Da shi ta fito. Ta ɗebi nata a ciki, ta ture mana babban farantin.

"Inna, don Allah kawo kwanon nan in yar."

"Bar mini abina. Ki ba ta da hannunki kafin ya huce, kada ta zauna da yunwa."

Na ba ta da hannuna, ta cinye tas tana shessheka, har ta ce a ƙara. Inna tana bakin ƙofa, inda ta saba zama, ta juya mana baya tana ci.