Amaryar da ta Wanke Jirgin Tagulla

Gidan da na tashi a Kaura Namoda yana bayan tasha ne, daidai inda layin dogo ya zo ya ƙare. Mu takwas ne jikoki a gidan, kuma duk damina, da an idar da sallar magariba, madafar Kaka muke cikawa. Takan jera sabuwar masara a bakin garwashi tana juya ta da yatsa kamar ba wuta ba, mu kuwa muna zaune a kan buhunan wofi, ruwa na dukan kwanon rufi har sai ta ɗaga murya. Tatsuniyoyinta na kura da zomo duk mun haddace su. Amma akwai labari guda da ba ta buɗe shi yadda take buɗe sauran. Sai dai ta karkaɗe toka daga hannunta ta ce, “Wagga ba tatsuniya ta ba, ku gyara zama.”

Dukkanmu mun san amaryar da ke cikin labarin ita ce, mijin kuma kakanmu ne, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu tun ba a haife ni ba. Sai dai ba a faɗa. Yayana Lawali ya taɓa cewa, “Kaka, ai ke ce,” ran nan masararsa ta koma hannun wani.

Wai an yi wata yarinya 'yar Shinkafi da aka kawo aure Kaura. A gidansu ba a san mace da komai ba sai da ƙyallin kwanukanta. Uwarta ta koya mata jiƙa tsamiya, ta haɗa da toka, ta murje tasar tagulla har mutum ya ga haƙoransa a ciki. Mijin nata fita ne, wato makaniki, a loko, wurin da ake gyaran kan jirgi, lokacin da jirgi ke tafiya da kwal da tururi. Mutum ne marar yawan magana, hannunsa kullum da baƙin mai.

Shekaru kafin auren, wani Bature injiniya da zai koma ƙasarsu ya bar masa akwati. A ciki akwai fallayen tagulla da aka yanka ƙanana, da ƙafafu, da waya siririya kamar zare, da takarda mai zanen yadda za a harhaɗa su su zama kan jirgi wanda bai wuce kamu ɗaya ba. Shekara biyu ya yi a kansa. Kaka takan kwaikwayi zamansa: ta sunkuya, ta tsuke ido, ta riƙe tsinke kamar magagari tana gogar iska. Ta ce yakan lanƙwasa falle a jikin ƙarfe ya zama tukunyar ruwa, ya narka dalma ya liƙe, ya dasa bututun hayaƙi, ya bi jikin da allura yana fitar da kawunan ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya. Usur ɗin jirgin ma bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba.

Ba don kansa yake yi ba. Akwai Baba Garba, tsohon direban da ya ɗauke shi tun yana saurayi ya nuna masa cikin inji. Wuta da hayaƙi sun cinye masa ido, an sallame shi, yana shirin komawa garinsu wajen Zurmi. Kakanmu ya yi niyyar ya sa masa jirgin nan a hannu kafin ya tafi.

Amarya ba ta san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da ta sani shi ne, a kan wani katako a ɗakin mijinta akwai wani abu baƙi ƙirin, ga maiƙo, ga jan tsatsa na gangarowa a gefensa. Ta kankare gindinsa da farce, ta ga tagulla ce a ciki. Kunya ta kama ta. Tagulla a gidanta, a wannan hali, in dangin miji suka shigo me za su ce an koya mata a Shinkafi? Ran da aka tura shi Gusau kwana biyu, ta jiƙa tsamiya mai yawa.

A nan Kaka takan dakata ta raba masara, mu kuma muna roƙonta ta ci gaba. Ta ce tun hantsi amarya ke murza har la'asar, da soso, da toka, da tsinke a lungunan da soso bai shiga. Da ta zubar da ruwan, sai ta ga ƙananan abubuwa uku a gindin kwano: usur ɗin da bututu biyu. Ta ƙulle su a bakin zane, ta ce ai abin da ya rage ya yi kyau. Ta ɗora shi a saman jerenta, sama da duk tasoshin da uwarta ta ba ta.

Da mijin ya dawo, ko ruwa ba ta bari ya sha ba ta ja shi ɗaki. Ya tsaya yana kallo. Kaka ta ce ta ga maƙogwaronsa ya motsa sau biyu. Ya ɗauki buta ya yi alwala, alhali ba lokacin salla ba ne, ya fita ya nufi masallaci. Sai da rana ta kusa faɗuwa ya shigo, ya zauna a bakin gado, ya ce a hankali, “Wata huɗu na yi ina sa mashi baƙin ga. Ba dauɗa ta ba. Haka jirgin Baba Garba shike.”

Sai a lokacin ya gaya mata komai. Ya ce fenti yake tsarma wa mai ya shafa siriri, ya jira ya bushe, ya ƙara, tsatsar ma da hannunsa ya zana ta inda ruwa ke zuba. Ya ce ranar Juma'a tsohon zai tafi, saura kwana shida. Ta kwance bakin zane ta miƙa masa abubuwan nan uku. A zuciyarta har ta fara tsara abin da za ta faɗa wa uwarta in aka mayar da ita.

“Mi kika tsammani ya ce?” Kaka takan tambaye mu, ko da yake mun sani. “Cewa ya yi, taho ki riƙe min hantsaki, hannunki ya fi nawa ƙanƙanta.”

Washegari da ya taso aiki suka mayar da usur da bututun, tana riƙe yana liƙewa. Saura baƙi, kuma aikin wata huɗu ba ya shiga kwana biyar. Ya zauna ya yi tagumi. Ita da ba ta iya kallon idonsa ba tun jiya, sai ta ce tana da magana in ba zai ji haushi ba. Ta ce tukunya sabuwa kwana uku take yi a madafa ta yi baƙi. A shafa masa man gyaɗa kaɗan, a rataye shi can sama inda hayaƙi ke bi, wuta ba ta kai ba balle dalmar ta narke. Ta kuma ce ta lura wancan baƙin da ta wanke ya rufe ko'ina, alhali ita a tukunyarta inda hannu ke kamawa ba ya yin baƙi.

Shekara nawa yana hawa kan jirgi, ƙarafan da ake riƙewa a hau kullum fes suke saboda tafin hannu, bai taɓa kawo wannan a ransa ba. Kwana huɗu jirgin na rataye a madafa. A na biyar ya zana tsatsarsa, ita kuma ta naɗe tsumma a ɗan yatsa ta goge ƙarafan riƙo da matakala, ta bar sauran.

Ranar Juma'a da hantsi suka kai masa, ita tana daga zaure. Baba Garba ya karɓa, ya bi shi da yatsu tun daga gaba har baya, ya kawo shi daf da idon da ya rage masa ɗan gani. Da ya zo kan ƙarafan sai ya tsaya, ya tambaya wa ya san nan wurin yana ƙyalli. Kakanmu ya ce mai ɗakinsa ce. Tsohon ya ce ashe ta taɓa hawa kan jirgi. Ya shinshina, ya ƙara da cewa, “Sai dai jirgin naku, Mallam, miyar kuka shika ƙamshi.” Ya sa shi cikin riga ya tafi da shi Zurmi. Mu ba mu taɓa ganinsa ba.

Kaka takan rufe da nuna mu 'yan mata da totuwar masara, ta ce in mun je gidan wani mu riƙa tambaya kafin mu wanke. Daga nan sai kiran isha, kowa ya tashi neman buta. Shekaru da yawa abin da na ɗauka daga labarin ke nan, kuma ya yi mini amfani.

Bara aka kawo wa babban ɗana mata daga Katuru, yarinya mai ladabi, ba ta iya zama hannu sake. Na je gaisuwar rasuwa na kwana, na dawo na tarar da tandata ta masa a jingine a rana, fara fat. Tandar da na gada a wajen mahaifiyata, wadda mai ya ratsa shekara da shekaru har masa ke tashi da kanta, an bi ta da sabulu da soson ƙarfe. Yarinyar na tsaye a gefe tana murmushi, tana jiran sannu. Maganar da ta taho mini a baki, Allah ya sani, ba mai daɗi ba ce. Sai na tsinci kaina ina tambayar ina buta.

A bakin rijiya na gane cewa duk shekarun nan wajen amarya nake zaune a labarin, ban taɓa tunanin abin da mutumin ya haɗiye tsakanin ƙofar ɗaki da masallaci ba. Kaka ta ce mana darasin na mai wankewa ne, amma ina jin ba don shi take maimaita labarin ba. Mijinta take yabo a gaban jikokinsa, ta hanyar da kunya ta bar mata.

Da na dawo, murmushin yarinyar ya ɓace. Ta ce, “Umma, na yi ɓarna ko?”

Na ce, “Kin yi, ɗiyata. Ɗauko man gyaɗa da tsumma, ki zo ki zauna nan kusa da ni.”

Mako biyu masa na kamawa tana farfashewa. Muka riƙa tattara gutsattsarin a kwano ɗaya, mu zuba kuli-kuli, mu ci tare kafin mazan gidan su gani.