Ajin Karan Mushe Ashiru

Shekara goma sha ɗaya Ashiru ya yi a Badun ta Najeriya yana koyar da Faransanci a wata makarantar kuɗi. Ɗan Madarumfa ne, ɗan masunci, amma in ka gan shi a can cikin kwat, sai ka rantse bai taɓa taka laka ba. Ajinsa fanka huɗu gare shi, yaran kuma a mota ake kawo su. Da idon tsohuwarsa ya fara rauni, ya tattara matarsa Indo da ƴaƴansu uku da kwat ɗinsa ya dawo gida.

A ofishin sufeton makarantu aka duba takardun yabon da ya kwaso, aka ce ma sha Allah, aka mayar masa da su cikin ambulan. Koyarwar waje ba ta shiga lissafi. Yana da shekara arba'in da ɗaya ya zama sabon malamin kwantiragi, aka tura shi wani ƙauye bayan Gabi, ajin ƴan fari, wato aji ɗaya.

Daraktan lakwal ɗin, wato shugaban makarantar, Mahaman, yaro ne a kansa da shekara goma. Ya zagaya da shi bayan azuzuwa biyu na siminti, ya nuna masa wani fili da awaki ke kwance a ciki.

"Ga wurinka, Mushe," in ji shi, don haka ake kiran malamin boko a nan.

"To, ina ajin?"

"Yana gona. Ba a gama yanke shi ba."

Sai ya yi masa bayani. Kowace shekara in an gama girbi, iyaye maza ke kawo kara da dirkoki a kafa ajin ƴan fari. Bara ba a kafa ba, don kara ya zama abincin dabbobi, kowa na ji da nasa. Bana sufeto ya ce zai zo ranar ashirin ga Nuwamba. In bai tarar da aji tsaye ba, za a ɗauke malamin, a ce yaran hamsin da biyu su riƙa zuwa Gabi. Kowa ya san ɗan shekara shida ba ya yin kilomita bakwai a ƙafa kullum. Zaman gida za su yi. Ga shi kuma a daidai lokacin ne mazan garin ke tafiya ci-rani Najeriya.

Ashiru ya yi abin da ya iya. Ya zauna ya rubuta wa Maigari Tanko takarda da Faransanci mai kyau, shafi biyu, ya sa hannu. Maigari ya karɓa da hannu biyu, ya yaba rubutun, ya ninke ta ya sa cikin hula. Aka tara mutane, Ashiru ya yi jawabi a kan ilimi da ci gaban ƙasa, kowa ya ce in sha Allahu. Bayan kwana goma dami uku suka iso, jakin Maigari ya cinye ɗaya.

Indo ce ta gaji da ganin yana zagaya filin da hannu a baya. Ta ce masa mutanen nan ba su san shi ba, kwat ɗinsa suka sani. Ya cire ta ya je ya zauna inda maza ke zama.

Ya je, bayan la'asar, gindin tsamiyar da ke kan hanyar rijiya. Ya tarar Ɗanjuma, wani ƙato mai gemu da ke haƙa rijiyoyi a Legas duk rani, yana ba da labarin yadda bara ya kwanta asibiti a can. Cikinsa ke ciwo, likitar ba ta jin Hausa, shi ba ya jin Ingilishi, ya yi ta nuni har aka gaji aka ba shi maganin tari. Ana ta dariya, amma shi Ɗanjuma bai yi ba. Ashiru, don dai ya sa baki, ya faɗi yadda ake cewa cikina ke ciwo da Ingilishi.

Ɗanjuma ya juyo gaba ɗaya ya ce, "Sake faɗi, Mushe. A hankali."

Gaskiyar magana, Ingilishin Ashiru na tasha ne da kasuwa, bai taɓa ɗaukar sa wani abin alfahari ba. Shi malamin Faransanci ne. Amma washegari mutum tara ke jiran sa a gindin tsamiya, kwana biyu bayan haka ashirin da ɗaya. Wani na son ya iya tambayar tashar mota, wani na son ya iya gaya wa ɗan sanda inda yake kwana, wani tsoho kuma abu ɗaya kawai yake so, ya iya cewa ba ni na ɗauka ba. Ashiru ya jera su sahu-sahu, yana faɗi suna maimaitawa, ya manta da zancen kara sam. Bai taɓa samun ɗalibai masu ƙwazo irin waɗannan ba, ko a Badun.

Matsalar ita ce hanyar rijiya. Mata ke wucewa da bokiti a ka, su ga mazajensu, masu gemu da furfura, sun buɗe baki suna rera karatu kamar ƴan fari. Ranar farko suka danne dariya har sai da suka wuce. Rana ta biyu ba su danne ba. Rana ta uku matan da ke zuwa ɗiban ruwa suka ninka, har da waɗanda randunansu ke cike. An ce Indo, wadda ta fi mijinta Ingilishi don ita ke zuwa kasuwa a Badun, ita ke fassara musu a bakin rijiya. Ita dai ta ce ruwa kawai take ɗiba.

Abin ya kai ƙarshe ranar da matar Ɗanjuma ta ajiye masa tuwo, ta durƙusa da ladabi, ta tambaye shi da Ingilishi ko cikinsa ke ciwo.

Da sassafe Ashiru ya ji ƙarar amalanke a bayan lakwal. Ɗanjuma ne da lodin karan dawa, fuska a murtuke. Ya ce shi ba zai bar karatu ba, amma ba zai ƙara yin sa a bainar jama'a ba; ina filin nan da ake ta magana? Kafin azahar amalanke shida sun sauke. Maigari da kansa ya ba da dirkoki, ya sa aka ɗaure jakinsa nesa.

Kwana huɗu suka yi suna aiki. Ajin kara da aka saba gani, kana iya leƙen na ciki ta tsakanin karan. Wannan kuwa riɓi biyu suka yi masa, suka bi da zana, suka ɗaga shi har ya fi tsawon mace mai bokiti a ka. Ɗanjuma ya riƙa zagayawa ta waje yana manna ido, inda duk ya ga haske sai ya kira a toshe. Ashiru ya ɗauki kara shi ma, ya yanke a yatsa biyu, ya riƙa nuna wa Darakta Mahaman raunin kamar lambar yabo. Da safe yara ke shiga, da la'asar iyayensu.

Ranar ashirin sufeto ya iso a kan babur. Ya zagaya ajin, ya tura bangon da kafaɗa bai motsa ba, ya ce tun da yake aikin nan bai ga ajin kara irin wannan ba. Ya tambayi yadda aka shawo kan iyaye. Ashiru, wanda ya mayar da kwat ɗinsa don ranar, ya gyara murya ya ce wata dabara ce ta koyarwa da ya gani a ƙasar waje. Darakta Mahaman ya shiga tari.

Da suka shiga ciki sufeto ya tsaya yana lalube. Muryoyi hamsin da biyu suka gaishe shi daga cikin duhu. Ya ce aji ya yi, malami ya zauna, amma ba zai sa hannu ba sai an fasa taga, don yaran nan allo za su kalla.

Aka aika a kira Ɗanjuma, ya zo da wuƙarsa, ya saurari umarnin da ladabi. Sufeto ya nuna bangon gabas, inda hasken safe zai fi shiga.

"Ranka ya daɗe, can ne hanyar rijiya," in ji Ɗanjuma.

Aka yi ta ja, har aka daidaita a kan taga biyu ta arewa, sama sosai, Ɗanjuma ya fasa su. Sufeto ya sa hannu a kan sirdin babur ɗinsa. Ashiru ya jira ƙurar karan ta kwanta, ya karkaɗe kafaɗar kwat, ya ɗauki alli ya ce wa yaran kowa ya fito da allonsa.