Kamun Kawu

Ni ba ni da haƙuri, kowa a gidanmu na Birni ya shaida. Amma ranar da sabon shef ɗin biro, wato shugaban ofishinmu, ya ce a karɓe wayar salula daga hannun kawuna, har ni kaina na yi mamakin yadda raina ya ɓaci.

Kawu yayan innata ne, a Gidimuni yake. Tun ina lakwal, makarantar boko, shi ke auna ruwan tafki. Akwai gungumen giginya da aka kafa a bakin ruwa. Kowace safiya zai naɗe wando ya shiga, ya fara daga kan gungumen ya auna da hannunsa har inda ruwa ya tsaya, kamu kaza, yatsa kaza. Bai yi boko ba amma ya san lamba, sai ya danna guda biyu ya aiko mana Damagaram: uku, huɗu. Kamu uku da yatsa huɗu ke nan. Wani tsohon shiri, wato manhaja, a cikin odinata, kwamfutar biro, shi ke karɓa ya ajiye. Masu lambu kuwa ba su jiran biro, wurinsa suke zuwa su ji ko lokacin matsar da albasa ya yi. Da wannan aikin aka san shi a gari.

Sai furoje, aikin masu ba da tallafi, ya kawo babban shiri sabo daga waje, aka ce ni zan haɗa shi da namu. Irin shirin nan ne da ake ginawa ɓangare-ɓangare, kowanne da fuskarsa: ga tambayar da za a yi masa, ga yadda zai amsa. Sabon nan tambaya ɗaya ya sani, ruwa santimeta nawa, kuma lamba ɗaya yake jira. Tsohon shirin ya miƙa masa biyu, sabon ya tofar. An kuma hana mu taɓa cikinsa, ba namu ba ne. Shef ya ce ai abu ya zo da sauƙi, a jefar da tsohon shiri, a sallami Kawu, a nemo wanda ya yi lakwal a ba shi metar awo. Wai sauƙi! Awon shekara da shekaru a zubar kamar ruwan wanki.

Na ce ba a jefar da kowa. Na nuna masa firjin biro da ya saya wurin ƴan Kano, kan wayarsa ƙafa uku, bangonmu kuwa rami biyu. Na tambaye shi bango ya fasa ko waya ya yanke. Ko ɗaya, adaftata ya saya a kasuwa ya liƙa tsakani. To mu ma masu rubuta shiri muna da abin nan, sunan ma ɗaya ne. Ya ba ni sati guda yana taɓe baki.

Kwana biyu ya ishe ni. Na rubuta ɗan ɓangare ƙarami, ta waje ya sa fuskar da sabon ke so, ta ciki yana riƙe da tsohon. In an tambaye shi santimeta, ya juya ya tambayi tsohon shiri, ya karɓi kamu da yatsa, ya buga lissafi ya miƙa lamba ɗaya. Sabo bai san da kamu a duniya ba, tsoho bai san an yi baƙo ba. Na riƙa yawo a biro ina jin kaina.

Ashe da saura. Shef ya tura ma'aikaci da meta ya gwada, aka sami bambancin da ya kai tafin hannu. A gaban kowa ya ce Kawu ƙiyasi yake yi, wataƙila ma daga kan tabarmarsa yake aikowa. Magana zarar bunu, kafin sati ta isa Gidimuni. Kwana uku Kawu bai aiko komai ba. Inna ta daina amsa gaisuwata da kyau.

A tsakar gida na gane, ina kallon Inna tana auna yadi da hannunta. Na karɓa na auna, nawa bai zo ɗaya da nata ba. Kai, na ji kunya! Rabin meta na rubuta a matsayin kamu, yadda ake faɗa a baki, ga shi Kawu gajere ne. Ban taɓa tambayar kamun wa ba.

Washegari na ari metar tela na shiga mota. Na same shi a gindin dabino, bai ko ɗago ba.

"Kawu, ku miƙo hannu."

"Likkafani za ki yanka mini tun yanzu?"

Na auna daga gwiwar hannu zuwa kan dogon yatsa, santimeta arba'in da shida. Na auna faɗin yatsa. Na gaya masa laifin nawa ne, ya ce dama ya sani, ruwa ba ya ƙarya kuma shi ma bai fara ba.

Layi biyu na canja, a cikin adaftata kaɗai. Awonsa ya zauna daidai da na meta, har na shekarun baya. Na ɗauki odinata na dire a teburin shef.

"Ni na yi kuskure, ga shi na gyara. Wanda zai karɓi salular nan, ya fara sallamata."

Ya ce bakina ya yi yawa. Na ce gado ne. Salula ta zauna inda take.

Kawu ya rasu bayan damina biyu. Kafin ya kwanta ya yanke sanda daidai hannunsa, ya yi mata tsaga-tsaga na yatsu. Da matarsa ta gama takaba, ita ta ci gaba da shiga ruwa da sandar, lamba biyu na zuwa kowace safiya.

Kwanan baya wata sabuwar abokiyar aiki ta ga arba'in da shidan nan a cikin shiri, ta ce lamba ce marar asali, bari ta share ta mai da komai meta. Na janye kujerarta baya.

"Kada ki taɓa. Hannun kawuna ne."