Tsagin da ke Jikin Ƙofa

Shekara ashirin ina dillancin gidajen haya a Makka, tsakanin Misfala da Kudai, sau ɗaya tak aka taɓa rufe mini ido da fenti. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Wani ɗalibi ne ɗan Sakkwato ya zo wurina, da matarsa da kwalayen littattafai. A ciki har da binciken digirinsa na shekara uku, rabinsa rubutun hannu ne, bai kai ga sa shi a kwamfuta ba. Ɗakin ƙasa yake so saboda matar tana da tsohon ciki. Na samo masa a wani lungu can gangaren Misfala, bango fes, sabon fenti sai ƙamshi. Ya sa hannu, na miƙa mabuɗi, na tafi gida ina yaba wa kaina.

Bayan kwana biyu na koma kai wa matar yaji. Zan fita kenan abayata ta maƙale a jikin ƙofa. Ina dubawa sai ga tsagin ƙarfe dama da hagu, daga ƙasa har gwiwa, an shafe shi da fenti. Duk haihuwar Makka ya san wannan tsagin: nan ake zura katako a tare ruwa idan sailu ya taso, wato ruwan da ke gangarowa daga duwatsu ya biyo kwari. Tun ina yarinya mahaifiyata take cewa kafin a dubi ɗaki a dubi ƙofa da bangon maƙwabta. Na leƙa bangon maƙwabta, ga zanen laka nan ya kai ƙuguna.

Na kira mai gidan na wanke shi tas. Wai in kwantar da hankalina, akwai ta'amin, inshora kenan. Na sa ya turo takardar, surukina ya karanta mini. Ginin kawai ta shafa, kayan ɗan haya babu ruwansu da su. To ko da ruwansu, wa zai biya mutum rubutun shekara uku? Sai da bakina ya yi ciwo ya yarda su koma hawa na biyu da ke kulle.

Sai kuma ɗalibin ya tubure. Shi a saninsa ambaliya ta mutanen bakin gulbi ce, masu noman shinkafa. Wata huɗu yana garin bai ga ɗigon ruwa ba.

"Inna, ambaliya a Makka? Ko dai wani ne yake son ɗakin?"

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce, "Malam, kai a littafi ka karanta Makka, ni a cikinta aka yanke mini cibiya."

Ya kafe matarsa ba za ta iya hawa bene ba. Da na ishe shi da naci ya ce in littattafai ne, in kai su inda na ga dama. Ban bari ya sake tunani ba, na kira 'yan dako suka haye da su sama. Daga ranar gaisuwarsa ta koma ta ciki-ciki, domin duk littafin da yake so sai ya taka bene.

Ruwan ya zo wata rana da la'asar, lokacin sanyi, bai kai awa ba. Ina unguwar Rusaifa, hanya ta toshe, wayar ɗalibin ba ta shiga. Sai da safe na isa. Katifa da darduma na waje sun zama laka, ɗakin ƙasa kamar an kwashe kududdufi. Na haye benen nan da sauri.

Matar na zaune a kan kwali tana shan shayi, ashe ta hau lafiya lau. Shi kuwa yana durƙushe, takardunsa a cinya, busassu ƙarau. Na zauna a bakin ƙofa, hawaye suka zubo mini don daɗi.

Ya sunkuyar da kai ya fara ba ni haƙuri. Na tare shi.

"Kai ne za ka yafe mini, ɗana. Kai baƙo ne. Ni na ba ka mabuɗi ban dubi ƙofa ba."