Malam Dabo Mai Gireda, Mahaifina

Ranar Laraba, 13 ga Afrilu, 1994, ina tsince shinkafa a gidan kakata a Farin Dutse, aka aiko daga Birnin Kudu cewa Allah Ya yi wa mahaifina, Malam Dabo Ishiyaku, rasuwa a asibiti bayan jinyar kwana huɗu. Wanda Ya ba mu shi ne Ya karɓe shi, mu ma gare Shi za mu koma.

Baba, ni ce Ruƙayyatu, 'yarka ta fari. A danginmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, don kunya. Tun da aka yaye ni aka kawo ni wurin mahaifiyarka, Inna Turai. Shekarata goma sha huɗu, ban taɓa jin sunana a bakinka ba. In ka zo sai ka ce, “Inna, ina 'yar nan taki?” Ni kuma da na ji sallamarka sai in shige bayan rumbu.

Ka daɗe kana tuƙa wa wani kamfani gireda, motar gyaran hanya, a Kano. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ka ce sabuwar jiha tana buƙatar hanyoyi. Ka sayar da shanun gadonka, ka sayo tsohuwar gireda, ka jawo amininka Ɗan'azumi bakanike. Mutane suka yi ta dariya, wai Dabo ya ba da shanu ya karɓo ƙarfe mai hayaƙi. Shekara biyu babu kwangila, amma ba ka bar ta ta zauna ba. Da ruwa ya yanke hanyar Kiyako, kai ka gyara ta, mai kawai suka zuba maka. Ka zo har makarantarmu ka baje mana filin wasa. Yara duk suka fita suna binka da ihu, ni kaɗai na rage a aji ina leƙenka ta taga. Da za ka tafi ka bar wa hedimasta littattafan rubutu shida, ka ce a ba jikar Turai.

A watan jiya ka samu kwangilarka ta farko, hanyar Kangire. Ka sa aka yi wa gireda sabon fenti, ka aiko Ɗan'azumi ya ɗauko mu da Inna, mu je addu'ar fara aiki. Na ce kaina yana ciwo. Ba ciwon da nake yi, tsoro ne kawai kada mu haɗa ido a gaban mutane. Inna ta ce da ta sauka daga mota ka daɗe kana duba ko zan fito a bayanta, amma ba ka tambaya ba.

Bayan addu'ar bakwai Ɗan'azumi ya kai ni inda aikin ya tsaya. Gireda tana gefen hanya, da jar ƙasa a bakinta. A jikinta an rubuta da farin fenti: RUƘAYYATU DABO, 'YAN KWANGILA.

“Mai fenti ya tambayi babanki sunan da za a sa har sau uku,” in ji Ɗan'azumi, “shi kuwa sai duba taya yake. Can ya ce mini, ‘Kai faɗa masa mana, ai ka san shi.’ Abin da ya so ki gani ke nan, 'yata.”

Na tsaya na karanta, na sake karantawa.

Ina yi wa Inna Turai ta'aziyya, da mahaifiyata Batulu, da ƙannena, da Baba Ɗan'azumi wanda ya ce zai ƙarasa hanyar. Allah Ya ba mu haƙuri. Allah Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa duk wanda ya bi hanyoyin da ka gyara ka samu ladansa, Ya sa Aljanna ce makomarka.

Baba, ka kira ni sau ɗaya, ban zo ba. Ka yafe mini.