Mutumin da ke barin ganga a buɗe

Wendell Krogstad ɗan manomi ne da bai gaji gona ba. Wansa ya riƙe gonar, shi kuwa ya shige masana'antar yin man mota da masara ta garinmu a jihar Iowa, ya shekara goma sha tara yana murɗa famfo. Ran Lahadi shi ke nuna wa mutane kujera a coci. Ban taɓa jin ya ce bai sani ba, kuma ban taɓa ganin ya karanta takarda har ƙarshenta ba.

Na same shi a sashen gwaji wata biyu bayan na gama jami'a. Aikinmu narka karan masara da wani gishiri mai zama ruwa-ruwa kamar zuma, don a tatso sukari a yi man mota. Gishirin tsada gare shi. In ba a ƙwato kusan dukansa bayan kowace dahuwa ba, sana'ar ba ta ci. Ƙungiyar manoman da ke ɗaukar nauyinmu lamba ɗaya take jira: nawa ke dawowa cikin ɗari. Shekara uku Wendell na ba su casa'in da tara.

Ga dabararsa. Gishirin nan mayen ruwa ne, daga iska ma zuƙa yake. Sai ya bar murfin gangar gishirin da aka ƙwato a buɗe cikin gumin Agusta, kwana biyu, sannan ya ɗora ta a sikeli.

"Tana shan iska ne, Dakta," ya ce da na tambaya. Ya san ba ni da wannan digiri, shi ya sa yake kirana haka.

"Mista Krogstad, na auna. Kusan kashi ɗaya cikin biyar ruwa ne."

"To? Ke ma yawancinki ruwa ne, ba a kore ki ba." Ya ci gaba da gaigayar dafaffiyar masarar da ke hannunsa, man shanu na bin gemunsa. "Sa hannu a rahoton kawai. Mutum goma sha ɗaya ke ci a ɗakin nan."

Rahoton bana da sunana zai fita, don ni ce mai takardar shaidar jami'a. Na kwana huɗu ban sa hannu ba. A na biyar na busar da samfurin gishirin sau uku, na rubuta tamanin da ɗaya.

Manoman suka zo taro da hulunansu a hannu. Wani dattijo ya tambayi Wendell yadda aka yi lamba ta faɗi haka. Ko gezau bai yi ba.

"Yaran yanzu da na'urorinsu," ya ce, har da girgiza kai irin na tausayi. "Ni dai abin da sikeli ya nuna nake faɗa."

Haka ne kuwa, bai taɓa ƙara ko awo ɗaya a kan abin da sikeli ya nuna ba, kuma da wannan yake taƙama.

Manoman suka janye tallafinsu, aka rufe sashen a watan Oktoba. Darlene mai wanke mana kwalabe a sashen ta daina amsa gaisuwata a kanti. Wendell ya samu aiki a jihar Nebraska cikin mako uku, da wasiƙar yabo. Ni ina gidan mahaifiyata, na aika takardar neman aiki wuri ashirin da shida, kuma har yau nakan ajiye biro in na zo layin da ke tambayar dalilin barin aikin baya.