Ɗakin Inna da Aka Rushe

Har gobe ina jin haushin yayana a kan ɗakin Inna, kuma ba na ɓoyewa. Ɗakin laka ne a gidanmu da ke wajen Bagudo. Da gayya aka tayar da shi: maƙwabta suka kwaɓa ƙasa, mata suka dama fura, aka watse babu wanda ya nemi lada. Kowace bazara mu yaɓe shi, damina ta zo ta wuce.

Sai yayana ya samu aiki a Birnin Kebbi, ya fara jin kansa. Ya zo hutun sallah, ya tsaya yana yatsina fuska a gaban bangon.

"Inna, ɗakin ga shina ba ni kunya. Na bulo za a yi miki."

Na ce, "Yaya, a gina sabon gefe guda tukuna. In an yi rufi sai a rushe wanga."

Ya ce fili ba zai isa ba, wai ni me na sani ban da garma. Aka rushe. Inna ta koma ɗakin hatsi, ita da buhunan shinkafa da ɓeraye.

Yayana ya ɗauko magini daga ƙasar Benin, don lokacin su ake yayi, ga aiki a miƙe ga sauƙin kuɗi. Mutumin ya yi aikinsa tsakani da Allah har gini ya kai taga. Sai naira ta faɗi, siminti ya yi tsadar da ba mu taɓa gani ba. Magini ya ce in ya canza ladansa zuwa sefa ko cefanen gidansa ba ya yi, ya tattara kayansa ya tsallaka iyaka. Ban ga laifinsa ba. Samarinmu da ke leburanci a da duk sun hau babur suna kabu-kabu, wa zai tsaya dakon yashi a rana? Da na kawo maganar gayya dariya aka yi mini, aka ce ba a yi wa bulo gayya.

Yayana kuwa ya koma mutumin waya. Yau albashi bai shigo ba, gobe rancen wurin aiki yake jira. Ɗan abin da zai aiko, kafin ya iso siminti ya ƙara kuɗi. Na ce zan tayar wa Inna da ɗakin laka a gefe, ya daka mini tsawa wai kada in ɓata masa tsari.

Damina ta sauka. Ruwa ya kwanta a cikin ginin, kwaɗi suka tare. Ɗakin hatsi ya yi ta yoyo, sanyi ya kama ƙirjin Inna. Tana tari tana ce mini, "Bar shi, shina ƙoƙari." Ba ta ga kaka ba.

Ranar zaman makoki, a inuwar bangon nan marar rufi yayana ya shimfiɗa wa abokan aikinsa tabarma. Ina ji yana nuna musu, yana cewa ga ɗakin da yake gina mata. Suka ce ɗa na gari, Allah ya yi masa albarka. Ina zaune a gefe, ban ce amin ba.